Rubutun Sa-Kai da Amfaninsa ga Mai Neman Zama Ɗan Jarida

Kusan kowace shekara, idan ɗaliban ajin ƙarshe suka gama jarrabawa, ba na rasa biyu ko uku daga cikinsu da za su same ni a ofis da buƙatar in rubuta musu takardar shaida, domin suna neman aiki a wata jarida ko wani gidan rediyo. Abin da nakan fara tambayar kowannensu shi ne ya nuna mini wani abu da ya taɓa rubutawa, wanda ba malami ne ya sa shi ba, kuma ba don neman maki ya yi shi ba. Galibi akan yi shiru. Wani ya ce yana da niyya, wani ya ce jira yake a ɗauke shi aikin tukuna, sa'an nan ya fara. Ga digiri a hannu, ga sha'awa a zuci, amma babu ko shafi guda da edita zai duba ya ce lalle wannan yaro yana da alƙalami.

Wannan shirun shi ne dalilin rubuta wannan maƙala. Abin da nake nufi da rubutun sa-kai shi ne mutum ya ɗora wa kansa yin rubutu a kai a kai, a kan al'amuran da ke faruwa a inda yake zaune, ya sa sunansa, ya kuma fitar da shi inda jama'a za su karanta su mayar masa da martani, alhali babu wanda ya ɗauke shi aiki, babu kuma mai biyansa ko anini. Ke nan ya bambanta da insha'in aji, wanda mutum ɗaya ne ke karanta shi, shi ma don dole. Ya kuma bambanta da abin da mutum ke rubutawa ya ɓoye a ƙarƙashin matashin kai. Ra'ayina shi ne, ga wanda yake son ya yi aikin jarida da Hausa, wannan ita ce makarantar da ba ta da madadi, kuma ita ce wadda muka fi sakaci da ita.

Yadda magabata suka koya

Idan aka waiwayi tarihin aikin jarida a ƙasar Hausa za a tarar cewa waɗanda suka kafa shi babu wanda ya karanta shi a aji. Sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin watan Janairu 1939, Malam Abubakar Imam, wanda ya zama editanta na Hausa, bai cika shekara talatin da haihuwa ba, kuma sana'arsa koyarwa ce a Midil ta Katsina. Abin da ya kai shi wannan matsayi rubutun da ya riga ya yi ne. Ya shiga gasar ƙaga labarai ta 1933 da Ruwan Bagaja, daga nan Dokta R. M. East na Hukumar Talifi ya ga irin alƙalaminsa, ya jawo shi Zariya inda ya rubuta Magana Jari Ce. Watau aikinsa ne ya gabace shi, ya yi masa sallama, kafin a ce masa bismilla. A wancan lokaci babu makarantar koyon aikin jarida a Nijeriya duka. Sai a 1961 aka buɗe ta farko a matakin jami'a a Nsukka. Haka abin yake ko a jaridun Ingilishi. Alhaji Babatunde Jose ya shiga Daily Times yana ɗan koyo a 1941, ya bi matakai har ya zama editanta, shi kuwa Malam Adamu Ciroma, wanda ya riƙe New Nigerian a farkon kafuwarta, tarihi ya karanta a Ibadan.

To amma abin da ya fi dacewa da batunmu shi ne filin wasiƙu. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta buɗe ƙofa ga masu karatu, suka yi ta aiko da takardu daga lardi-lardi: malaman makaranta, akawunan En'e, malaman asibiti da na gona, da duk wanda Allah ya hore wa boko da kuɗin kan sarki. Wani ya kawo kukan garinsu, wani ya yi gardama da abin da wani ya faɗa a fitowar baya, wani kuma ya ba da labarin abin da ya gani a tafiya. Babu mai biyansu. Amma duk wanda ya taɓa ganin an buga takardarsa, ya kwatanta abin da ya aika da abin da ya fito, ya sami darasi kyauta daga hannun edita: ga inda aka yanke, ga inda aka sauya kalma, ga doguwar gaisuwar da aka zubar. A shekarun 1940 ɗin nan ne kuma Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, a zamansu na Bauci, suka riƙa aika rubuce-rubuce ga jaridu, har da West African Pilot ta Legas, suna sukar abin da suke gani ba daidai ba a mulkin En'e.

Cikin shekarun 1950, da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta fito da ƙananan jaridu na larduna domin waɗanda suka koyi karatu su sami abin karantawa, kada abin ya zube. Kano tana da Sodangi, Katsina Himma, Sakkwato Zaruma, Zariya Bazazzaga, Bauci Zumunta, Filato Gamzaki, da sauransu. Jaridu ne masu 'yan shafuka, labarinsu bai wuce na lardi ba, kuma ba su yi tsawon rai ba, domin an rufe hukumar a 1959. Duk da haka sun nuna wa ɗan ƙauye cewa abin da ya auku a kasuwar garinsu ya isa a rubuta shi a buga, kuma shi ma yana iya zama mai rubutawar.

Yau al'amari ya juya. Akwai sassan koyar da aikin jarida a jami'o'i da kwalejoji da yawa, amma da Ingilishi ake koyarwa, da shi ake gwaji, da shi ake jarrabawa. Mu kuwa a sassan Hausa nahawu da adabi da al'ada muke koyarwa, sai ɗan abin da ba a rasa ba na fassara. Ɗalibin can ya san tsarin labari amma hannunsa bai faɗa da Hausa ba, namu kuwa ya san Hausa amma bai taɓa tsayawa gaban dillali ko mai unguwa ya yi masa tambaya ya rubuta amsa ba. Alhali kuwa kasuwar aikin ta faɗaɗa ƙwarai: ga sassan Hausa na BBC da Muryar Jamus da Rediyo Faransa, ga gidajen rediyo masu zaman kansu da suka yawaita tun bayan buɗe Freedom a Kano a 2003, ga jaridu irin su Aminiya. Wannan giɓi da ke tsakanin sassan nan biyu babu abin da ke cike shi sai abin da ɗalibi ya yi wa kansa.

Abin da yau da gobe ke koyarwa

Darasi na farko shi ne cika alkawarin lokaci. Jarida ba ta jiran sai marubuci ya ji daɗin ransa, haka ma labaran ƙarfe bakwai ba sa zama na bakwai da rabi. Wanda ya yi wa kansa alkawarin fitar da rubutu kowace Juma'a, ya kuma cika har mako arba'in ko hamsin, da zazzaɓi da rashin wuta da hidimar biki, ya riga ya koyi abin da ke kayar da sababbin ma'aikata da yawa a watansu na farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu ya fi wannan zurfi, shi ne buɗewar ido. Mako uku na farko mutum yana da abin faɗa, domin ya daɗe yana tara ra'ayoyi a cikinsa. A mako na huɗu rumbu ya ƙare. A nan ne ake rabuwa: wani ya ajiye alƙalami, wani kuwa dole ta sa shi ya fita waje ya nemo. Wanda ya fita ɗin nan, ran nan ya fara zama ɗan jarida.

Na taɓa yin wani ɗalibi wanda gidansu yake kusa da kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano. Da ya zo mini da kukan ba shi da abin rubutawa, na ce ya riƙa shiga kasuwar sau ɗaya a mako, ya tambayo farashin buhun gero da dawa da masara da wake, ya rubuta, ba ƙari. Ya ga kamar na raina masa hankali. Bayan 'yan makwanni sai ga shi ya dawo da tambayoyin da ni kaina ban san amsarsu ba. Ya lura cewa farashin da aka gaya masa da safe daban yake da na la'asar. Ya lura cewa idan ya tambayi mai kaya ya ji wani abu, idan ya tambayi dillali ya ji wani, domin akwai la'ada a tsakani. Ya gano cewa buhu suna ya tara, wani ya fi wani yawan tiya, saboda haka faɗin kuɗin buhu ba tare da faɗin abin da ke cikinsa ba yaudarar mai karatu ne. Daga baya ya fara danganta tashin farashi da zuwan manyan motoci daga nesa, da kuɗin mai, da halin da kan iyaka ke ciki. Babu wanda ya karanta masa babin tantance labari daga majiya fiye da ɗaya. Kasuwa ce ta koya masa, ranar da wani ɗan kasuwa ya tare shi ya ce abin da ya rubuta makon jiya ƙarya ne, ya kuma nuna masa inda ya kuskure.

Wannan tarewa da ɗan kasuwar ya yi masa ita ce ribar fitar da rubutu a bainar jama'a. Malami yana iya ba da maki bakwai cikin goma ya wuce, amma wanda aka rubuta sunan unguwarsu ba daidai ba, ko aka ba ubansa sarautar da ba tasa ba, ba zai yi shiru ba. A nan ƙasar kuwa kuskuren sarauta ba ƙaramin abu ba ne. Wanda bai san bambancin hakimi da dagaci da mai unguwa ba, ko ya ɗauka matsayin Galadima ko Madaki ɗaya ne a kowace masarauta, zai sha kunya, kuma gara ya sha ta yana ɗan koyo a gaban mutum ɗari da ya sha ta a gidan rediyo a gaban dubbai.

Batun harshe

A nan ne nake so in ɗan daɗe, domin shi ne ya fi shafar masu karanta wannan mujalla. Mafi yawan labaran da ake watsawa da Hausa ba da Hausa aka fara rubuta su ba. Da Ingilishi suke isowa ɗakin labarai, daga kamfanonin dillancin labarai ko daga takardun sanarwa na ma'aikatu, sai a miƙa wa wani ya fassara cikin gaggawa. Idan mai fassarar bai taɓa ƙulla labari da Hausa tun daga tushe ba, ba shi da wani ƙalubi da zai zuba maganar a ciki sai na Ingilishin da ke gabansa. Sakamakon haka shi ne irin Hausar da kalmominta namu ne amma ƙashin bayanta baƙo ne. Ga misalin irin jimlar da ɗalibai kan kawo mini a farkon farawa:

"Biyo bayan mamakon ruwan sama wanda aka fuskanta a daren ranar Talata, wanda kuma ya haifar da asarar dukiyoyi masu yawa, an ruwaito cewa mutane uku ne suka rasa rayukansu a yayin da wani gini ya fuskanci rushewa a unguwar."

Idan na ce wa mai ita ya ajiye takardar ya gaya mini abin da ya faru kamar yadda zai gaya wa kakarsa, abin da ke fitowa daga bakinsa bai wuce wannan ba:

"Mutum uku sun rasu a daren Talata, bayan da katangar wani gida ta faɗa musu ana cikin ruwan sama."

Ta biyun ba ta kai rabin ta farko tsawo ba, ta kuma fi ta bayani, domin ta faɗi abin da ya rushe. A lura da yadda kalmar "fuskanta" ta zama jakar magori a Hausar labarai: ana fuskantar ruwa, ana fuskantar yunwa, har gini ma yana fuskantar rushewa. Haka nan "rasa rayukansu", alhali Bahaushe yana da "rasu" da "mutu" da "halaka" da "riga mu gidan gaskiya", kowace da muhallinta. Ɗalibin ya san duk wannan, tun da a cikinsa ya tashi. Abin da ya same shi shi ne ya ɗauka rubutu wani harshe ne dabam wanda dole ya yi nauyi kafin a girmama shi. Ba a raba mutum da wannan zato da lacca guda. Abin da ke raba shi da shi yawan rubuta abin da ya gani da idonsa ne, inda babu takardar Ingilishi a gabansa da zai jingina da ita.

Yana da kyau a tuna cewa jaridar farko don kunne aka rubuta ta, ko da yake a takarda take. Kofi guda na Gaskiya Ta Fi Kwabo yakan zaga hannuwa da yawa, mai karatu ɗaya ya karanta a zaure ko a gindin bishiya, goma suna saurare. Duk jimlar da numfashi ba zai iya ɗauka ba, ko wadda sai an koma baya kafin a gane ta, ta faɗi jarrabawa. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa Hausar Abubakar Imam take da daɗin ji har yau. Gwajin kuwa bai tsufa ba: mai koyo ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi ga wani wanda bai yi boko ba, ya dubi fuskarsa.

Sai kuma ƙirƙirar kalmomi. Ma'aikatan jarida da rediyo na farko sun bar mana gado mai daraja a wannan fanni, kuma idan aka duba za a ga daga cikin gida suka ɗebo kayan aikinsu. Takunkumi abin da ake ɗaura wa dabba ne a baki don kada ta yi ɓarna ko cizo, aka ɗauke shi aka ɗaura wa ƙasar da aka hana ciniki da ita. Yaji na matar aure ne da ta yi fushi ta tafi gidansu har sai an yi biko, aka ba ma'aikata aron sa ya zama yajin aiki, kuma duk wanda ya ji ya san cewa ba saki ba ne, ana sa ran dawowa idan an sasanta. Kakaki na fada ne, ya zama mai magana da yawun hukuma. Haka nan gwamnatin riƙon ƙwarya, da ƙuri'ar raba gardama, da jirgi mai saukar ungulu, da Majalisar Ɗinkin Duniya. Babu ɗaya daga cikinsu da ke bukatar sharhi ga wanda bai taɓa shiga aji ba. Irin wannan ƙwarewa tana samuwa ne ga wanda kunnensa ke kasuwa da majalisar dattawa, hannunsa kuma ke kan takarda kullum, yana gwada kalma ya ga ko ta zauna. Mai rubutun sa-kai yana da wannan sarari fiye da ma'aikacin da agogo ke kora. Idan ya gwada wata kalma masu karatu suka yi dariya, ya janye ta, babu asarar kowa.

Ka'idojin rubutu ma a nan ake koyonsu na haƙiƙa. An daɗe ana wahala a kan daidaita su, tun daga Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, zuwa taron Bamako na 1966, har zuwa na Yamai a 1980. Ɗalibai sukan haddace su don jarrabawa su watsar a bakin ƙofa, musamman yanzu da wayar hannu ta saba wa yatsu da rubutu ba ƙugiya ba rabewa. To a dubi wannan: wakili yana so ya ce shugaban wata ƙungiya "ya ba ta kuɗin", sai ya rubuta "ya bata kudin". Mai karatu da ya saba cike ƙugiyoyi da kansa yana iya karanta "ya ɓata kuɗin". Tazara guda da aka ƙi bari ta mai da mai amana ɓarawo, kuma ana iya kwana a kotu a kanta. Wanda irin wannan ta taɓa faɗa wa sau ɗaya ba ya sake bukatar a tuna masa amfanin raba kalmomi.

Inda gizo ke saƙa

Kada a ɗauka ina cewa abin ba shi da illa. Babbar illarsa ita ce rashin edita. Mai aika wasiƙa Zariya a 1945 yana da wanda zai tace masa, ya cire zagi, ya jefar da abin da ba shi da tushe. Yau kuwa ƙofofin fitar da rubutu sun yi yawa, wasunsu ba su da mai gadi ko ɗaya, kuma mutum yana iya shekara biyar yana maimaita kuskure guda, abokai suna yi masa tafi. Yawan yi kaɗai ba ya kawo gwaninta idan babu mai gyara. Yana iya ma kafe mugun hannu ya zama ɗabi'a. Kowa ya tuna abin da ya faru a watan Agusta 2014, lokacin cutar Ebola, da aka kwana ana yaɗa cewa wanka da ruwan gishiri da shansa rigakafi ne. Mutane da dama suka kwanta asibiti, wasu suka mutu. Cikin waɗanda suka yaɗa maganar har da masu ilmi, kuma da kyakkyawar niyya suka yi.

Akwai kuma doka. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, amma ɓata suna laifi ne a kundin hukunta laifuffuka na Arewa tun 1960, kuma an sha kama masu rubutu a ƙarƙashin sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024. Sa'ad da aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor shekara guda-guda a ƙarƙashin Doka ta 4 ta 1984, suna da jaridar Guardian da lauyoyinta a bayansu. Ɗan koyo ba shi da kowa sai iyayensa. Saboda haka nakan shawarci ɗalibai su nisanci zargin mutum da sunansa har sai sun ƙware, su tsaya ga abin da suka gani, suka ƙirga, suka kuma ji daga ɓangarorin biyu. A ɗaya hannun, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane mutum, ba sai mai katin jarida ba, ikon rubuta wa ma'aikatar gwamnatin tarayya ya nemi bayani, ta kuma wajabta amsawa cikin kwana bakwai. Ko an amsa ko ba a amsa ba, ɗan koyo ya sami abin rubutawa na gaskiya.

Illa ta uku ta ɗabi'a ce. Matashi ya fi son sharhi a kan labari, domin sharhi ba ya bukatar a taka rana. Kowa so yake ya fara da warware siyasar ƙasa ko rikicin Gabas ta Tsakiya, alhali kwatar da ta toshe a ƙofar gidansu babu wanda ya rubuta tun yaushe ta toshe, wa ke da alhakin yashe ta, yara nawa suka kwanta a layin a daminar bana. Daga son sharhi kuma taki ɗaya ne zuwa zama sojan baka, watau wani mai kuɗi ko ɗan siyasa ya lura yaro yana da masu sauraro, ya fara ba shi na goro. Wanda ya fara sayar da alƙalaminsa tun kafin a ɗauke shi aiki, da wuya ya fanso shi daga baya.

Maganin rashin edita shi ne mutum ya naɗa wa kansa edita. Tsarin tsangaya yana da abin koyi a nan: almajiri shi ke rubuta allonsa da hannunsa, amma ba ya wanke shi sai an duba, a zaman darasu kuwa ko wasali guda ya kauce sai an tsayar da shi. Mai koyon jarida ya nemi mutum ɗaya wanda ya fi shi, wanda kuma ba ya jin nauyinsa, tsohon ma'aikacin rediyo ne ko malamin Hausa na sakandare, ya riƙa nuna masa kafin ya fitar. Ya kuma ajiye kofin kowane rubutu da kwanan watansa, da na farko da wanda aka gyara, a fayil guda. Wannan fayil shi ne abin da zai ajiye a teburin edita ranar neman aiki, kuma na ga inda ya yi abin da takardar shaidata ba ta yi ba.

Mu malamai ma da namu laifin, domin mun bar abin ga sa'a. Shekaru kaɗan da suka wuce na fara wani ɗan gwaji a ajin fassara da nake koyarwa. Kowane ɗalibi ya zaɓi wuri guda, tasha ko asibitin unguwa ko kotun shari'a ko mahauta, ya riƙa kawo labarin da bai wuce kalma 300 ba kowane mako, a liƙa a allon sanarwa na barandar sashe da sunansa a ƙasa. Ban sa maki a kai ba, don kada ya koma insha'i. Kusan rabin ajin suka watsar kafin tsakiyar zango. Sauran kuwa na lura sun fara tsayawa nesa kaɗan da allon suna kallon masu karantawa. Gyaran da ya fi kowane tasiri a wannan zango ba daga gare ni ya fito ba. Wani dattijon masinja ne, wanda ya yi shekaru yana fawa kafin ya kama aikin gwamnati, ya sa a karanta masa labarin mahauta, ya aika a kira mai shi, ya zaunar da shi a kan benci ya bayyana masa cewa wanda ya kira Sarkin Fawa a labarin wakilinsa ne kawai, kuma abin da ya rubuta a kan yadda ake raba kuɗin fata ba haka yake ba. Yaron ya koma mahautar da asuba, mako na gaba ya liƙa gyara a ƙarƙashin sabon labarinsa.